Bitar manhajar GnuCash: ko za ta nuna wa ƙungiyar jiragen ruwa gaskiyar aljihunta?

A taron ƙarshen shekara na ƙaramar ƙungiyar jiragen ruwa, rahoton ma'aji bai cika wuce magana uku ba: ga abin da ya shigo, ga abin da aka kashe, ga abin da ya rage a banki. In ragowar ta ɗara ta bara, sai a yi hamdala a tashi. Amma ƙungiya tana iya yin shekara biyar ragowarta na hawa alhali jarinta take ci. Inji yana tsufa, katakon jirgi yana shan ruwa, rigunan kariya suna yagewa, wasu mambobi sun biya kuɗin baɗi tun bana an haɗa an kashe, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa a takardar banki. Sai ranar da injin ya buga ake gane cewa abin da ke asusu ba zai sayi rabin sabo ba.

Da wannan ma'auni aka auna GnuCash a nan: shin ma'ajin da ba akanta ba zai iya amfani da ita ya nuna wa mambobi ko ƙungiyarsu tana ƙiba ko tana ramewa daga shekara zuwa shekara? Ƙungiyar da ake nufi ita ce ta mutum talatin zuwa sittin, wadda ba don riba aka kafa ta ba, mai jirgi biyu ko uku da inji ɗaya ko biyu, ko a bakin Kwara take wajen Yawuri inda ake tseren kwale-kwale a bikin Rigata, ko a Yamai, ko a gaɓar Legas.

GnuCash manhajar lissafin kuɗi ce ta kyauta wadda masu sa-kai ke kula da ita tun 1998. Tana aiki a kwamfuta mai Windows ko macOS ko Linux, kuma da zarar an sauke ta an girka, ba ta ƙara neman intanet. Babu kuɗin wata-wata kamar yadda ake biya a manhajar lissafi ta QuickBooks ta intanet, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙungiyar da kuɗin shigarta naira ne. Ta san naira, ta san sefa. Ana iya sa allonta ya koma Turanci ko Faransanci ko Larabci, amma sunayen asusu kai ne mai rubutawa, don haka babu abin da zai hana su zama da Hausa tsantsa.

Ginshiƙinta shi ne kowace naira sai an faɗi inda ta fito da inda ta shiga. Ba ka rubuta "mai, 20,000" ka wuce. Sai ka ce 20,000 ta fita daga kuɗin hannun ma'aji ta shiga asusun man fetur. In ka manta ɓangare ɗaya, manhajar ba za ta yi maka gardama ba, za ta buɗe wani asusu da kanta mai suna Imbalance-NGN ta jefa kuɗin a ciki. Wannan asusu shi ne abu na farko da mai binciken kuɗi ya kamata ya duba. In ba sifiri ne a cikinsa ba, akwai aikin da ba a gama ba.

Ranar farko ita ce mai wahala. Manhajar za ta miƙo maka jerin asusu da aka tsara don magidanci ko ɗan kasuwa, da su kuɗin haya da kuɗin makaranta. Ka watsar da mafi yawansu ka gina naka a ƙarƙashin gidaje biyar ɗin da take aiki da su: kadarori, basussuka, jari, kuɗin shiga, da kuɗin kashewa. A kadarori ka raba asusun banki na yau da kullum, da asusun ajiya, da kuɗin hannu, sannan kowane jirgi da kowane inji da nasa layin. A kuɗin shiga kada ka yarda komai ya faɗa tukunya ɗaya: kuɗin wata daban, kuɗin rajistar sabon mamba daban, hayar jirgi daban, gudummawa daban. Dalilin raba gudummawa shi ne ita ce ta fi rufe giɓi. Wani mai hali ya ba da miliyan ɗaya a shekarar biki, rahoto ya nuna rara, kowa ya manta cewa in ba da ita ba kuɗin mambobi bai kai ga biyan mai da gyara ba. A ɓangaren kashewa kuwa, ka buɗe asusun gyara ga kowane jirgi da inji daban. Wahalarsa kaɗan ce, amfaninsa zai zo bayan shekara biyu ko uku.

Sannan sai a shigar da abin da ƙungiya ta mallaka a ranar da aka fara. Kuɗin banki a ɗauko daga takardar banki, ba daga bakin tsohon ma'aji ba. Jirage da injuna a sa musu kuɗin da aka saye su in akwai rasit, in babu, kwamiti ya yi musu kuɗi a rubuta a littafin taro. Bashin bakanike da na mai gidan mai duk a shigar. Wanda ya tsallake wannan mataki zai yi ta ganin rahoto mai kyau a kan tushe na ƙarya.

Raguwar darajar inji

A nan ne GnuCash ta fi amfani, kuma a nan ne ta fi barin mutum da kansa. Ba ta da wani maɓalli da ke lissafa yadda kadara ke rage daraja. Kai za ka yi lissafin a takarda, ita kuma ta riƙa maimaita maka shi.

A ɗauka ƙungiya ta sayi injin bayan jirgi a kan naira 3,000,000, ana sa ran zai yi shekara biyar, sannan a sayar da shi a kan 600,000. Abin da zai zaizaye shi ne 2,400,000, wato 480,000 a shekara, 40,000 a wata. Ƙarƙashin layin injin sai a buɗe ƙananan asusu biyu, ɗaya na kuɗin saye, ɗaya na darajar da ta ragu. A kuɗin kashewa a buɗe asusun raguwar daraja. Sai a shiga wurin tsara shigarwa mai maimaita kanta a ce kowane ƙarshen wata a ɗauki 40,000 daga darajar injin a sa a kashewa. Duk lokacin da aka buɗe manhajar za ta nuna waɗanda lokacinsu ya yi, ka amince, shi ke nan.

Da wannan kaɗai rahoton shekara yana canza kama. Ƙungiyar da mambobi 40 ke biyan 5,000 a wata tana tara 2,400,000 a shekara. In ta kashe 2,100,000 a mai da gyara da albashin mai gadin kwata, tsohon salon rahoto zai ce an samu rarar 300,000. Da an sa raguwar darajar inji ɗaya tak, rarar ta koma giɓin 180,000, tun ba a zo kan jiragen ba.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka wannan 40,000 ɗin ta taru a wani wuri. Ba ta taru ba, rubutu ne kawai. Sai an tura kuɗi na zahiri daga asusun yau da kullum zuwa asusun ajiya kowane wata, a kuma shigar da wannan turin daban. GnuCash ba ta da tsarin killace kuɗi don manufa guda irin na manyan ƙungiyoyin agaji, saboda haka ba za ta hana kowa taɓa ajiyar inji don sayen ragon biki ba. Abin da zai hana shi ne asusun banki na daban mai buƙatar sa hannun mutum biyu.

Akwai kuma batun abin da za a ƙara a kan darajar kadara da abin da za a kira gyara. Fulogi, man giya da ake canzawa kusan duk awa ɗari na aiki, robar famfon ruwa, farfelar da kututture ya lanƙwasa, toshe ɓaraka da fenti, duk kashewa ne na wannan shekarar. Sake ƙasan jirgi gaba ɗaya ko yi wa inji garambawul da zai ƙara masa shekara biyu, wannan a ƙara shi kan darajarsa a sake raba shi. Ma'ajin da ke son rahotonsa ya yi kyau yakan tura gyara zuwa kadara, mai son a ƙara kuɗin wata yakan yi akasin haka. Kwamiti ya yanke iyaka tun farko, misali duk abin da bai kai 200,000 ba gyara ne, a kuma tsaya a kai kowace shekara. Yana da kyau a riƙa rubuta awannin aikin inji a layin bayanin kowane gyara. Idan gyaran inji ɗaya ya zarce raguwar darajarsa shekara biyu a jere, lokacin maganar sayar da shi ya yi, kuma asusun gyaran da aka ware masa ne zai nuna hakan cikin minti ɗaya.

Kuɗin mambobi shi ne wurin da manhajar ta fi gajiyarwa. Tana da ɓangaren kasuwanci inda ake yi wa kowane mamba rajista kamar abokin ciniki, a rubuta masa takardar neman biya, in ya biya a shigar. Ribar wannan ita ce rahoton tsufan bashi, wanda ke jera masu bashi gida-gida: waɗanda ba su wuce kwana 30 ba, 31 zuwa 60, 61 zuwa 90, da waɗanda suka haura. Babu rahoton da ya fi shi saurin nuna ƙungiyar da mambobinta suka fara sulalewa, domin mutum yakan daina biya tun kafin ya ce ya fita. Amma takardun neman biya ba sa maimaita kansu. Mambobi 40 sau wata 12 takarda 480 ke nan a shekara, ko dai a kwafa su ɗaya bayan ɗaya ko a shigo da su daga jadawalin Excel da aka adana a tsarin CSV. Mafita mai sauƙi ita ce a riƙa rubuta su duk wata uku, su koma 160. Kuma kada a taɓa rubuta komai da hannu kai tsaye cikin asusun bashin da wannan ɓangare ke amfani da shi. Yin haka yana rikita rahoton, a ga wanda ya biya yana cikin masu bashi.

Wanda ya biya kuɗin shekara gaba ɗaya fa? A ce mamba ya kawo 60,000 a watan Oktoba. Na bana a ciki 15,000 ne kacal, na wata uku. Sauran 45,000 bashi ne a wuyan ƙungiya, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A sa kuɗin a wani asusu ƙarƙashin basussuka, a kira shi kuɗin mambobi na gaba, a tsara 5,000 ta riƙa komawa kuɗin shiga kowane wata. Haka nan bashin da ya shekara ba a biya ba, kwamiti ya yi ƙarfin hali ya yafe shi a rubuce a shigar da shi a matsayin asara. Barinsa cikin kadarori yana kumbura lissafi ne kawai.

Daidaita littafi da takardar banki yana da sauƙi, kuma an yi shi da kyau. Ka zaɓi asusu, ka danna Reconcile, ka rubuta ragowar da banki ya nuna a ƙarshen wata, ka bi shigarwa ɗaya-ɗaya kana sa musu alama har bambanci ya koma sifiri. Abin da ke hana shi komawa sifiri kusan kullum ƙananan cire-ciren banki ne: kuɗin saƙon waya, kuɗin kula da asusu, harajin naira 50 na turin kuɗi daga 10,000 zuwa sama, da harajin kashi 7.5 a kan cajin banki. A buɗe musu asusu ɗaya a riƙa shigar da su. Kuɗin hannu ma haka, a ƙirga su gaban mutum biyu kowane wata a daidaita.

Jera shekaru gefe da gefe

Kada a buɗe sabon fayil kowace shekara. A bar duk shekarun cikin fayil ɗaya, domin akwai rahoton kuɗin shiga da kashewa mai layuka da yawa wanda ke ajiye 2022 da 2023 da 2024 kusa da juna, haka ma rahoton kadarori da basussuka. Akwai wurin rufe littafin shekara, amma ba dole ba ne, rahotannin suna aiki da ranakun da ka ba su. In shekarar ƙungiya ba daga Janairu take farawa ba, a gyara wannan a saituna tun farko.

Daga waɗannan rahotanni abu uku ya kamata ma'aji ya ciro da kalkuleta, don manhajar ba za ta ciro masa ba. Na farko, wata nawa ƙungiya za ta iya yi in kuɗi ya daina shigowa: a cire ajiyar inji da kuɗin mambobi na gaba daga abin da ke banki, a raba sauran da matsakaicin kashewar wata. Ƙasa da wata uku abin damuwa ne ga ƙungiyar da aikinta ke bin ruwa, wanda ke cika ya janye. Na biyu, kashi nawa na kashewar dole kuɗin wata kaɗai ke biya, ba tare da gudummawa ko haya ba. Na uku, ajiyar inji idan aka kwatanta da kuɗin sabon inji yau.

Wannan na ukun shi ne babban raunin GnuCash a Najeriyar yanzu, kodayake raunin duk wani lissafi ne da ke tafiya da farashin ranar saye. Manhajar tana ɗaukar nairar 2022 daidai da ta 2024. Kafin a cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita tana wajen naira 190, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Kenan 5,000 ɗin da mamba ke biya ta sauka daga kusan lita 26 zuwa lita biyar ko ƙasa da haka. Dala kuwa daga wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma injin jirgi, Yamaha ne ko Suzuki, daga waje ake kawo shi, dala yake bi. Ƙungiyar da rahotonta ya nuna kuɗin shiga ya ƙaru da kashi 30 a tsakanin waɗannan shekaru, a zahiri baya ta ci.

Maganin ba ya cikin manhajar. Kowane Janairu a tambayo dillalai biyu ko uku kuɗin sabon inji irin na ƙungiya. A koma misalin ɗazu: an yi wata 30 ana ajiye 40,000, an tara 1,200,000. A ce sabo yanzu 8,000,000 ne, tsohon kuma zai sayu a kan 1,000,000. Abin da ya rage a nema 5,800,000 ne cikin wata 30, wato wajen 193,000 a wata, kusan 4,800 a kan kowane mamba. Wannan lambar ce ya kamata ta hau allo a taron shekara. Raguwar daraja ta ci gaba da tafiya a 40,000 a littafi, turin ajiya kuma ya bi sabon lissafi. Rahotannin suna fita a tsarin da Excel ko LibreOffice ke buɗewa, a can sai a ƙara layi ɗaya da ke raba kuɗin shigar kowace shekara da farashin litar mai na shekarar.

Sauran aibobinta na tsaro ne. Fayil ɗinta ba shi da kalmar sirri, kuma ba ta san wane ne ya rubuta me ba. Duk wanda ya zauna gaban kwamfutar zai iya komawa shekarar da ta wuce ya canza lamba. Akwai saitin da ke ja jan layi ya kulle shigarwar da ta wuce wasu kwanaki, amma wanda ya sa shi zai iya cire shi. Ga ƙungiyar da dukiyarta ta jama'a ce wannan babban rauni ne, kuma takarda ce ke toshe shi: kowane wata a buga rahoton kadarori da basussuka da na banki, shugaba da sakatare su sa hannu, a ajiye a wurin wani ba ma'aji ba. In an yi kuskure kada a goge, a soke shigarwar ko a yi mata kishiya, manhajar tana da hanyar yin duka biyun, sawu ya zauna.

Mutum ɗaya ne ke iya aiki da fayil a lokaci guda. In an ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, da an sake buɗewa za ta ce fayil a kulle yake. Matuƙar ka tabbata ba wanda ya buɗe shi a wani wuri, ka zaɓi buɗewa duk da haka, ba abin da ya lalace sai abin da ba a adana ba. Wanda wutarsa ba ta da tabbas gara ya adana fayil a tsarin SQLite, wanda ke rubuta kowace shigarwa nan take. A tsarin da ta saba zuwa da shi, tana ajiye kwafin baya duk lokacin da aka adana, tana share waɗanda suka wuce kwana 30, kuma duk a babban fayil ɗaya (wato folda) suke zaune da asalin fayil ɗin, don haka in an sace kwamfutar sun tafi tare. Ana iya liƙa hoton rasit a jikin shigarwa, sai dai hanyar zuwa ga hoton kawai take riƙewa, in an matsar da hotunan sai a tarar da wayam. Ba ta da manhajar waya da za a dogara da ita, saboda haka a bakin kwata littafin rasit mai kwafi shi ne sarki har yanzu, a shigar da su ƙarshen mako.

Ƙungiyar da ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin amintattu tana da rahoton shekara da doka ta wajabta mata kaiwa. GnuCash ba ta cika fom ɗin hukumar, amma tana fitar da duk abin da mai binciken kuɗi zai nema, kuma littafin da aka daidaita da banki wata-wata yana rage masa kwanakin aiki.

Ƙungiyar da kwale-kwalen tuƙi kawai take da su, ba inji, ba bashi, mambobi ba su kai ashirin ba, ba ta buƙatar wannan ɗawainiya, littafi mai layi da jadawalin Excel sun ishe ta. Wadda ke da inji ko da ɗaya ne, GnuCash ta cancanci wahalar koyonta, muddin akwai mai iya ba ta awa biyu a mako. A sa ran wata biyu na farko za su zo da kura-kurai, don haka a ci gaba da tsohon littafi tare da ita har sai sun yi daidai sau biyu a jere. Mutum biyu su koya, ba ɗaya ba. Ranar da za a canza ma'aji kuma, abin da zai miƙa shi ne fayil ɗin a filasha biyu, da babban fayil na hotunan rasit, da rahoton daidaitawa na watan ƙarshe mai sa hannu, da takarda guda da ke ɗauke da lissafin raguwar darajar kowane jirgi da inji: ranar saye, kuɗin saye, shekarun da aka yanka masa, da abin da ake cirewa a wata.